Awa nawa ne takamaimai daga Landan zuwa New York, 3 ko 6 ko 12?

Malam ka ce ka yanki tikiti daga Landan zuwa New York, a jiki an rubuta tashi ƙarfe 10 na safe sauka ƙarfe 1 na rana, dawowa kuma tashi 7 na yamma sauka 7 na safe washegari, sannan da ka leƙa intanet sai ka ga wai nisan kilomita 5,550 ne kuma jirgi yana gudun kilomita 900 a awa, wanda in aka raba awa shida ne da 'yan mintuna, shine kanka ya ɗaure kake tambaya wanne ne gaskiya. Toh duk cikin ukun babu wanda za ka yi a kan kujera. Wajen awa 8 za ka yi a zuwa, wajen awa 7 a dawowa. Bari in warware maka tunda aikin da na daɗe ina yi kenan, tsara wa jirage hanya da lissafa man da za su sha kafin matuƙi ya zo ya sa hannu.

Na farko dai mai sauƙi ne, agogo ne ya rikita ka. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin zai faru ne, tashi da agogon inda za ka tashi, sauka da agogon inda za ka sauka. Landan ta riga New York da awa 5. Kaga in ka tashi 10 na safe ka yi awa 8 a hanya, agogon hannunka da ka baro da shi zai nuna 6 na yamma amma na bangon filin jirgin can zai nuna 1 na rana. A dawowa kuma awa biyar ɗin da ka ci bashi za ka biya, ka tashi 7 na yamma ka yi awa 7, a New York ƙarfe 2 na dare ne amma a Landan gari ya waye 7 ta buga. Shikenan labarin awa 3 da awa 12, babu wani siddabaru a ciki.

Yanzu sai mu zo kan awa shidan da ka lissafa, nan ne maganar take da nama. Lissafinka ba laifi, sai dai ka ɗauka kamar jirgi yana barin ƙofa da gudun 900 ya kuma tsaya a ƙofar can da gudun 900, alhali lokacin da kamfani yake rubutawa yana farawa ne daga sanda aka zare abin da aka tokare tayar jirgin da shi aka fara tura shi baya, har zuwa sanda ya tsaya cak a ƙofar can aka sake tokare shi. Duk rarrafen da yake yi a ƙasa yana ciki. In ka taɓa tashi daga JFK, babban filin jirgin New York, da yamma lokacin da jiragen Turai suke fita rututu ka san abin da nake faɗa, kana zaune a gefen taga kana ƙirga wutsiyoyin jirage a gabanku, kowanne da fitilarsa tana ƙiftawa, a matsa kaɗan a tsaya a matsa kaɗan a tsaya, minti 25 ko 30 sun tafi taya ba ta bar ƙasa ba. Bayan an tashi ma ba nan take ake sakin gudu ba, a mafi yawan wurare ƙasa da ƙafa 10,000 doka ta hana wuce gudun mil ɗin teku 250 a awa, wato kusan kilomita 460 a awa, sannan hawa zuwa ƙafa 35,000 yana cin minti 20 zuwa 30, saukowa ma haka ana rage gudu tun daga nesa. Ga kuma Heathrow, babban filin jirgin Landan, da titin sauka da tashi biyu kacal take da su duk yawan jiragenta, da safe in aka taru sai masu kula da zirga-zirga su ce ku je ku yi ta kewaya a sama har layi ya zo kanku, akwai wurare huɗu da aka ware dan wannan shawagin a kewayen Landan, Bovingdon da Lambourne da Ockham da Biggin, wanda ya saba zuwa ya san da zarar ya ga jirgi ya fara zagaye a wuri ɗaya a kan 'yar taswirar bayan kujera toh minti goma sun ƙaru. Kamfanoni sun san da wannan duka, shi ya sa suke ɗan yi wa jadawalin ciko, kuma a gaskiya cikon har da wayo a ciki, dan in an rubuta awa 8 aka sauka a 7 da minti 40 sai ka ji matuƙi yana sanarwa da fara'a wai mun iso kafin lokaci.

Wannan ya bayyana dalilin da awa shida ta zama bakwai da wani abu. Amma bai bayyana dalilin da zuwa ya fi dawowa da awa guda ba alhali hanya ɗaya ce. Wannan aikin iska ne.

Gudun 900 ɗin nan da ake faɗa gudun jirgi ne a cikin iska, ba a kan ƙasa ba. Ka ɗauki mai tuƙa kwale-kwale a kogi, ƙarfin damtsensa ɗaya ne ko ina ya dosa, amma in ya bi ruwa nan da nan ya isa, in ya juyo yana fuskantar ruwan sai ya yi ta fama kamar ba ya motsi. Toh a can sama, daidai tsayin da jiragen fasinja suke bi, kilomita 9 zuwa 12, akwai wani kogin iska da ake ce wa jet sitirim, yana kwararowa daga yamma zuwa gabas, faɗinsa ɗaruruwan kilomita, a tsakiyarsa gudun kan kai kilomita 200 ko 300 a awa, lokacin hunturun arewacin duniya har ya kan zarce haka. Mai zuwa New York daga Landan yamma ya dosa, iskar tana dukan goshinsa. Mai dawowa tana tura shi ta ƙeya. Mu ce a matsakaici iskar 100 ce a duk tsawon hanyar, mai zuwa zai riƙa cin ƙasa da 800 a awa, 5,550 a raba da 800 kusan awa 7 kenan a sama, mai dawowa kuma 1,000 a awa, awa 5 da rabi da ɗan ɗoriya. Ka ɗora musu rarrafen ƙasa da hawa da sauka sai ka ga inda 8 da 7 suka fito. Wani abu da mutane ba sa lura da shi, in ka haɗa zuwa da dawowan za ka ga sun fi na ranar da babu iska ko kaɗan da kusan minti goma, domin ka fi daɗewa a cikin iskar da take cutarka a kan wadda take taimakonka, wato iska ba ta biyan bashinta cif.

Abin da muke yi a ofis kenan kullum. Za ka buɗe taswirar iska ta ranar ka ga kogin nan ya yi lanƙwasa kamar maciji a kan Tekun Atlantika, jiragen da za su gabas a cusa su cikin tsakiyarsa, masu zuwa yamma kuma a kauce masa ko ta arewa can kusa da Girinlan ko ta kudu, ko da kuwa hakan zai ƙara kilomita ɗari biyu ko uku, saboda gara doguwar hanya da iska mai sauƙi da gajeriya kana kokawa. Cibiyoyi biyu ne suke fitar da layukan da ake bi a tekun nan, Gander a Kanada da Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ayilan, kuma layukan canzawa suke kullum bisa inda iskar ta kwana. Dan haka nisan da ka gani a intanet kusan ba a taɓa bin sa daidai ba, jirginka na ranar Litinin da na Alhamis ba lallai su bi ta kan ruwa ɗaya ba. Na sha ganin kyaftin ya karɓi takardar da na buga masa, ya sa yatsa a kan layin iska ya yi shiru, can ya ɗago ya ce a ƙara masa mai na minti ashirin, ni kuma na san kwamfuta ta riga ta lissafa komai har da na ko-ta-kwana, amma ba na musu, shi zai kwana a saman teku ba ni ba.

Ka ji iyakar abin da iskar nan za ta iya. A watan Fabrairun 2020 lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa a wani wurin. Mutane suka yi ta cewa ya wuce gudun sauti, bai wuce ba, a cikin iskar da take ɗauke da shi gudunsa na yau da kullum yake yi, kogin ne ya cika ya tumbatsa. Wanda ya wuce sauti da gaske jirgin fasinjan nan Concorde ne, shi a 1996 ya yi wannan hanyar cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59, kuma tun 2003 aka jingine shi. Jiragen yanzu da gangan ba sa matsawa kusa da gudun sauti, a can sama sautin yana wajen kilomita 1,060 a awa, da zarar ka kusance shi iska takan taurare maka, mai ya yi ta zuba ribar minti kaɗan ce. Manya irin Boeing 787 da Airbus A350 suna tsayawa wajen 900, ƙanana irin 737 da A320 wajen 830. Shi ya sa in jirgi ya makara awa biyu a ƙasa kar ka sa rai matuƙi zai taka wuta ya rama, minti goma ko sha biyar ne iyakar abin da zai iya tsinta a doguwar tafiya.

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai dawowar ta fi sauri ne saboda duniya tana juyawa a ƙarƙashin jirgi. Ka tsaya ka auna ta. Duniya gabas take juyawa, da haka abin yake ai mai zuwa yamma ne zai riga isa tunda New York ce za ta taho ta tarye shi, amma akasin haka muke gani. Iskar da ta lulluɓe duniya tare suke juyawa da ita, jirgin ma tun yana ƙasa yake ɗauke da wannan juyin, kamar ka yi tsalle a cikin jirgin ƙasa yana gudu, inda ka tashi nan za ka dira. Hannun da juyin duniya yake da shi a ciki ta bayan gida ne, shi da bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryar arewa su ne suka haifi kogin iskar suka kuma sa shi fuskantar gabas. Hujja mai kyau ita ce hanyoyin da suke kudu da arewa, Landan zuwa Johannesburg kusan kilomita 9,050 ne kuma wajen awa 11 ne ko ta ina ka taso, bambancin kaɗan ne, dan jirgin ratsa iskar yake yi ba binta ko fuskantarta ba.

Sai maganar shi kansa nisan, daga ina aka samo 5,550. Ka samu ƙwallo da zare, ka ɗiga alama biyu a jiki, ka ja zaren ya ɗame tsakaninsu. Inda zaren ya kwanta shine hanya mafi kusa, masana suna ce mata babbar da'ira, kuma ita duk shafukan lissafin nisa suke ba ka. Matsalar ita ce taswirar da muka saba gani a bango shimfiɗaɗɗiya ce, yawanci irin wadda Mercator ya zana tun 1569 dan masu jirgin ruwa, ta buɗe sama da ƙasan duniya fiye da kima, dan haka in aka kwantar da zaren nan a kanta sai ya fito a lanƙwashe kamar baka. New York tana kudu da Landan sosai, amma jirgi in ya tashi yamma yake dosa yana ɗan karkata arewa, ya bi ta kan Ayilan ya ratsa teku ya faɗo ta Newfoundland a Kanada sannan ya gangaro. Fasinja yana kallon allo yana cewa me ya kai mu Kanada, alhali ita ce miƙaƙƙiyar, layin da ya ga kamar ya miƙe a taswirar ya fi ta tsawo da wajen kilomita 200. Kuma ka riƙa duba ma'aunin da aka yi amfani da shi, nan ma ana faɗawa rami. Mil na ƙasa kilomita 1.6 ne, mil ɗin teku wanda mu muke aiki da shi mita 1,852 ne, kaga hanyar taka ɗaya za ka iya ganin an rubuta ta 5,550 a wani wuri, 3,450 a wani, 3,000 a wani, duk daidai ne.

Tunda tambayarka ta shafi ƙasa da ƙasa, akwai abin da ya fi iska ɓata lissafi, siyasa. Sararin samaniyar kowace ƙasa nata ne, sai da izini ake ratsawa kuma biya ake yi. Tun Fabrairun 2022 da Rasha da ƙasashen Turai suka rufe wa juna sama, Finnair ta ƙasar Finland da take yin Helsinki zuwa Tokyo cikin wajen awa 9 ta kan Saiberiya ta koma yin wajen 13, wani lokaci ta bi ta kudu ta tsakiyar Asiya wani lokaci ta haura ta ƙuryar arewacin duniya. Nisan da intanet zai nuna maka tsakanin biranen nan bai canza ko da taku ɗaya ba. Har ma za ka ga kamfanoni biyu a hanya ɗaya rana ɗaya, wanda ƙasarsa take da izinin ratsa Rasha ya riga ɗayan da awa biyu. A 2023 ma da yaƙi ya rufe saman Sudan sannan Nijar ta rufe nata na wani lokaci, jiragen da suke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka riƙa yin dogon zagaye. Sannan akwai dokar da ake kira ETOPS, jirgi mai inji biyu ba a barinsa ya yi nisa da filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu fiye da wasu mintuna da aka ƙayyade masa. Da can minti 60 ne, a 1985 aka fara ba da 120, daga baya 180, yanzu A350 yana da izinin har 370, dan haka wannan ta rage lanƙwasa hanyoyi ba kamar da ba, sai dai a manyan tekunan kudu har yanzu muna duba ta.

In kana son ka riƙa ƙiyasta kowace hanya da kanka, ga yadda nake yi in an tambaye ni a tsaye babu kwamfuta. Ka raba kilomitan da 850 ka ƙara minti 45. In gabas za ka a doguwar tafiya ka ɗan rage, in yamma ka ɗan ƙara. Gwada a taka, 5,550 ya ba da awa 6 da rabi, da minti 45 ya zama 7 da kwata, ga shi ya faɗa tsakanin 7 da 8 ɗin tikitinka. Gwada a Singafo zuwa New York da Singapore Airlines take yi babu tsayawa, kusan kilomita 15,350, lissafin ya ba da awa 18 da minti 50 haka, jadawalinsu ma a nan yankin yake. A gajeriyar hanya ne abin yake ban dariya, Landan zuwa Faris bai fi kilomita 350 ba, a sama minti 45 ne ko ƙasa da haka amma tikiti zai ce awa 1 da minti 15 ko 20, kusan rabin tafiyar a ƙasa ake yinta, in ka haɗa da zuwa filin jirgi da layin bincike da jiran kaya sai ka ga jirgin ƙasan Eurostar da yake yin awa biyu da kwata daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari ya riga ka.

Wannan ya kawo ni kan abin da ni nake ganin ya fi duk lissafin nan amfani ga matafiyi, lokacin tikiti ba shine lokacin tafiya ba. Tafiyar ƙasa da ƙasa ana so ka iso filin jirgi awa 3 kafin tashi, a can kuma layin shige da fice zai iya cin minti 20 zai iya cin awa biyu, ya danganta da jirage nawa suka sauka tare da ku. Awa 8 ɗinka daga ƙofar gida zuwa masauki za ta kai 13 ko 14 cikin sauƙi. In kuma da yada zango a wata ƙasa toh ka manta da babbar da'ira gaba ɗaya, ka lissafa kowace gaɓa daban ka ɗora zaman jira. Kuma dan Allah ka duba haruffa ukun nan da suke jikin tikiti ba sunan gari ba, Landan kaɗai filayen jirgi shida take da su, LHR wato Heathrow daban, LGW wato Gatwick daban, tsakanin Heathrow da Gatwick tafiyar awa guda ce a mota in hanya ta yi kyau, New York ma akwai JFK akwai EWR wanda yake jihar New Jersey. An sha samun wanda ya nufi Sydney ta Ostareliya ya tsinci kansa a Sydney ta Kanada saboda bai duba haruffan ba.

Masu ratsa Tekun Fasifik su nasu ruɗanin har da kwanan wata, mutum zai tashi Tokyo da yamma ya sauka Los Angeles da safiyar ranar da ya tashi, mai zuwa Sydney daga Los Angeles kuma ya tashi daren Litinin ya sauka safiyar Laraba, Talata ta ɓace masa. Kai naka bai kai nan ba, amma ka lura da dawowarka, akwai ɗan +1 da ake maƙalawa a gefen lokacin sauka, ma'anarsa washegari, shi za ka faɗa wa mai zuwa ɗaukarka kar ya je ya yi zaman banza kwana guda kafin ka iso. Kuma ban san watan da za ka tafi ba, amma in tafiyar ta faɗa tsakanin Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin ƙarshe ta watan, ko makon da yake tsakanin Lahadin ƙarshe ta Oktoba da ta farkon Nuwamba, toh bambancin awa 4 ne ba 5 ba, dan Amurka da Birtaniya ba rana ɗaya suke juya agogonsu ba, sai ka sake lissafin da 4.